Kwalabena a Filin Yaya Lawal

Ku samarin da kuke zuwa rumfata a bayan tashar Dutsin-Ma kuna cinye mini inuwa, ina jin abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai aikin Sale Mai Kwalba ba sana'a ba ce, tsince-tsince ne, wai ko akuya aka ɗaura wa buhu za ta iya. To na gode. Tunda in ina magana latsa waya kuke yi, bari in rubuta, wataƙila in ya shigo cikin wayar ku karanta. Amma ku sani tun yanzu, na haura shekara ashirin a wannan aiki, kuma yau na fi ranar da na fara rikicewa a cikinsa.

Ranar da aka kai ni wurin maigidana Baba Tanimu, Allah ya jiƙansa, gemu ya fara fito mini. Noma ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi, mun rabu ba faɗa. Na zaci keke da buhu zai ba ni. Sai ya ɗauko wani tsohon ƙyalle ya ɗaure mini ido tam, ya danƙa mini kwalba a hannu.

"Mi ta ci?" in ji shi.

Na ce, "Baba, kwalba tana cin abinci?"

"Shinshina, sakarai. A nan ido ba shi da aiki."

Na shinshina, na ce man gyaɗa. Ya ce ƙarya nake, man gyaɗa baƙo ne a cikinta, kafin shi ta yi shekara tana ɗaukar kananzir, in sake shinshinawa can ƙasa. Na cusa hanci har ya kusa maƙalewa, ban ji komai ba sai ƙaiƙayi a maƙogwaro. Haka muka yi wata uku, kullum da hantsi, ido a ɗaure.

A wurin Baba Tanimu kwalba iri uku ce. Akwai ta baki, wadda ba ta taɓa ɗaukar komai ba sai abin da ake ci ko ake sha: lemo, zuma, man gyaɗa, man shanu. Akwai ta jiki, ta magani da turare da man shafawa. Sai ta wuta, wadda ta sha kananzir ko fetur ko baƙin mai. Dokar ɗaya ce: kwalba tana sauka, ba ta hawa. Ta baki tana iya komawa ta wuta, amma ta wuta ko da ruwan dam ɗin Zobe gaba ɗaya ka wanke ta, ba za ta sake ganin zuma ba. Wadda kuwa ta ɗauki maganin feshi, rami ake yi mata a rufe. Da na ƙware, hancina ya kai in na bi ta ƙofar gida ina sanin miyar da aka yi shekaranjiya. Akwai lokacin da aka buɗe galan ɗin kananzir a Kurfi na yi atishawa a Dutsin-Ma. Ku tambayi kowa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da karatunsa. Cokalin ƙarfe ne babba: ka riƙe kwalba a wuya ka ɗan ƙwanƙwasa cikinta, lafiyayya ta yi maka ƙara siririya mai tsawo, mai tsaga kuwa ta amsa a daƙile kamar wanda aka tasa daga barci. Sai waya mai tsumma a kai, ta goge lungu. Sai ƙananan tsakuwa da toka, a zuba da ruwa a yi ta girgizawa har kafaɗa ta fara kiran sunan kakanninka. Wadda ba ta da murfi a yanka mata totuwar masara a naɗe da leda. Sai keke, da buhu biyu, da ƙaiƙayin gero da ake zubawa tsakanin kwalabe don kada su gogi juna. Domin babban zunubi a gidan Baba shi ne fasa kwalba. Ranar da ɗaya ta suɓuce mini, ya cire hula ya zauna ya zuba tagumi har maƙwabta suka fara leƙowa suna tambaya ko an yi rasuwa.

Aikin da ba na mantawa a shekarata ta farko shi ne na Inna Hajo, wata Bafulatana da ke kawo man shanu daga wajen Kuki. Kwalba shida ta saya, ni na zaɓa mata, ranar kuma ina mura. Sati ya zagayo sai ga ta, ta ajiye ƙwarya a gaban Baba, ta zaro kwalba ɗaya.

"Tanimu, wanne ne a cikinku ya mai da mini man shanu fitila?"

Baba ya nuna ni da haɓa. Ta sa yatsa ta lakato man ta miƙo mini. "Lasa, ɗan nan. Lasa ka ji abin da mai tuyar masar da na sayar wa ta ji, har ta ce wai ni mayaudariya ce." Na lasa. Wallahi da an kawo ashana kusa da bakina a ranar da na haska kasuwa. Baba ya ba ta wasu shida da hancinsa ya zaɓa, ni kuma ya kafa mini doka: ranar mura ba aiki, in je in wanke keke.

Samun kwalba kuwa yawo ne. Ka bi unguwa-unguwa kana kira, "Kwalba! A fito da kwalba!" Matan gida su miƙo ta bakin zaure, ka ba su ashana ko gishiri ko allura. Daga baya suka ce su ƙananan robobi suke so. Ni da kaina, a kan kekena, na riƙa kai roba gida-gida ina murna ciniki ya buɗe. Ban san ramina nake haƙawa da cokali ba.

Baba ya rasu ya bar mini cokalin da keken da masu saye. Na yi shekaru ina jin daɗina. Sai muguwar shekarar ta zo. Gorar roba ta cika gari, ta ruwa da ta lemo, ko'ina ka taka sai ta yi maka ƙara. Mai man gyaɗa ta ce roba ba ta fashewa. Mai zuma ya ce roba ba nauyi a mota. Mai maganin gargajiya, wanda na ɗauka tare za a binne mu, na same shi yana ɗura tsimi a gorar ruwa, ya kawar da kai kamar bai san ni ba. Hanyoyin ƙauye kuma suka yi wuyar bi, su Inna Hajo suka tashi da shanunsu, ban san inda suka nufa ba.

Mai hankali da ya daina saye. Ni kuwa na ci gaba, don Baba ya taɓa ce mini kwalba ba ta ruɓewa, kuma in na wuce unguwa ban yi kira ba sai mata su aiko ko lafiya. Rumfa ta cika. Sai na roƙi yayana Lawal, manomi ne a Kurfi, ya ara mini filin da ke bayan gidansa na wata biyu. Wata biyu suka zama damina biyu. Tsibin kwalaben ya yi tsawon da in rana ta haska shi direbobi suna rage gudu, suna zaton wani sabon gari aka kafa.

Wata bazara Yaya Lawal ya kira ni ya zaunar.

"Sale, damina biyu ina kallon filina yana fitar da kwalabe maimakon gyaɗa. Ranar da ruwan shuka ya sauka, shanu za su shiga da garma. Abin da na tarar, tsohuwar rijiyar can za ta cinye shi. Kai kuma ga fartanya na ajiye maka, na sa an yi mata sabuwar ƙota."

Na ce, "Yaya, ai kwalba dukiya ce."

"To ka ci ta mu gani."

Matarsa Asabe, wadda ba ta taɓa barin magana ta wuce ta ba, ta leƙo daga madafa ta jefo mini wasan ƙanin miji. "Mijina, kada ka damu, in ka dawo noma ni zan riƙa kai maka fura. A kwalba."

Fartanyar nan na ga an jingine ta a zaure, sai sheƙi take yi kamar tana mini dariya.

Ana haka wani direba a tasha ya haɗa ni da Alhaji Nasidi, dillali daga Kano, wai yana sayen kwalabe mota-mota yana turawa kamfani a kudu. Muka yi waya. Ya ce zai zo da babbar mota bayan sati uku. Sannan ya ce, "Ka dai san yadda ake ware su ko? Bari in yi maka bayani, su can..."

Na katse shi. "Haba Alhaji! Ni za a koya wa warewa? Ni da na yi wata uku ido a ɗaure?"

Ya ce, "Ido a ɗaure kuma?" Na ce ƙwarai. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Sati ukun nan ban taɓa aiki irinsa ba. Kowace kwalba na shinshina ta, na ƙwanƙwasa, na girgiza da tsakuwa, na shanya. Ta baki gefe, ta jiki gefe, ta wuta can nesa kusa da rijiya. Na sayo ƙaiƙayi amalanke guda, na jera su a buhuna kamar ƙwai. Hancina ya kumbura har Asabe ta ce in na shigo gida shi yake fara sallama.

Ranar Lahadi Alhaji ya iso da motarsa, ɗan gajere mai tumbi da tabarau. Na kai shi buhun farko ina taƙama. Ya kwance, ya zaro fara, ya zaro koriya, ya zaro mai ruwan ƙasa. Ya buɗe na biyu, haka. Na uku, haka.

"Malam Sale, ina warewar?"

"Ga ta kuwa, Alhaji. Wannan layin duk na baki ne. Shinshina ka ji."

"In shinshina?"

"Ko guda babu mai kananzir."

Ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi Yaya Lawal, kamar yana neman wanda zai gaya masa gaskiyar lafiyata. Sannan ya zauna a kan buhu, na ji ƙas, kwalba biyu sun tafi, bai ko waiga ba.

"Malam Sale, wutar da za a zuba su ba ta da hanci. Launi ake warewa. Fara da fara, koriya da koriya, mai ruwan ƙasa da 'yan uwanta. In koriya ta shiga cikin farare, sabuwar kwalbar za ta fito da launin da ba mai saye. Kuma wa ya ce ka wanke har haka? Wa ya ce ka sa ƙaiƙayi? Ni iska zan ɗauka zuwa kudu? A fashe nake so."

Na ce, "A me?"

"A fashe. Da sikeli nake aunawa."

Na nemi wuri na zauna a ƙasa. Shi kuma ya shiga bayani, ni dai ina jin sa kamar daga cikin rijiya. Wai in an kai, a zuba a kan wani bel mai tafiya, mutane su tsince shara, maganaɗisu ya zuƙe murafan ƙarfe, inji ya niƙa, a tankaɗe, iska ta kwashe takarda. Sai a gauraya da yashi da farar ƙasa da wata hoda mai kama da kanwa, a tura tanderun da ba a kashe shi dare da rana. Gilashin ya narke ya koma kamar zuma mai wuta, a riƙa yanko shi curi-curi yana faɗawa cikin mazubin ƙarfe, a hura masa iska ya kumbura ya zama kwalba, a bar ta ta huce sannu a hankali don kada ta tsage. Ya ce su kamfanin suna son fasasshiyar ne don ta fi yashi saurin narkewa, ba ta cin wuta da yawa.

Na ce, "Tsaya, Alhaji. Ta kananzir da ta zuma, tukunya ɗaya?"

"Ɗaya."

"Ta fito a zuba mata lemo?"

"Ka sha ma, ba sau ɗaya ba."

Na ce innalillahi. Kwalba ta hau.

Ya ce abin da wutar ba ta yafewa daban ne: tangaran, da madubi, da gilashin taga, da ƙwan lantarki, da dutse. Ɓallin farantin tangaran ɗaya ba ya narkewa tare da sauran, sai ya zauna a jikin sabuwar kwalba kamar tsakuwa a shinkafa, ta fashe a hannun mutum. In aka ga irinsa a kaya, mota guda ake mayarwa. Ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce zai wuce Katsina, ranar Alhamis zai biyo ta nan. In ya tarar an ware an fasa, ya ɗauka. In ba haka ba, ya gaishe ni.

Da motar ta tashi na ɗaga kai, sai ga hadari ya leƙo ta gabas. Yaya Lawal ya dube shi, ya dube ni, ya tafi duba garmarsa.

Litinin na fara da asuba. Zuwa azahar buhu ɗaya da rabi na yi. Matsalar hannuna ne: da na ɗauki kwalba sai ya kai ta hanci da kansa, kafin in tuna launi ake dubawa na riga na jefa koriya cikin farare don dukansu na man gyaɗa ne. Asabe ta tsaya tana kallona ta katanga har ta gaji.

"Mijina, wai wannan ne aikin? Fari da kore?"

"Ba ki gane ba ne, akwai ilimi a ciki."

Ta tafi ta dawo da maƙwabtanta mata huɗu. Suka sa safar hannu ta buhu, suka zauna suna hirar bikin da za a yi a Tamawa, hannu na tafiya kamar masu tsince wake. Abin da na yi a wuni suka yi kafin in gama alwala. Ni da na yi wata uku ido a ɗaure, aka mai da ni mai cire murfi. Sai in an samu shuɗiya ko wata mai launin ruwan kududdufi a ɗago a ce, "Malam mai ilimi, wannan fa?" In karɓa in shinshina, su fashe da dariya. Na kira Alhaji, ya ce shuɗiya ta bi kore. Har yau ban san dalili ba.

Laraba aka zo fasawa. Yaya Lawal ya kawo ganga da taɓaryar ƙarfe, ya aro tabarau wurin mai walda, muka rufe bakin gangar da buhu saboda tartsatsi. Ya miƙo mini taɓaryar. Na ɗaga. Na sauke. Na ce bari in sha ruwa. Na dawo na ɗaga, na ce kamar ana kiran salla.

"Sale, ƙarfe goma na safe ne."

Ya nuna mini zaure da baki, inda fartanya take jingine. Na ce, "Baba Tanimu, ka yafe ni, ba ni ba ne, zamani ne," na rufe ido na saki. Ƙarar da ta tashi, na tabbata tsoho ya juya a makwancinsa. Daga nan kuma, abin kunya, sai na ji daɗin abin. Kafin la'asar Yaya ne yake roƙo in ba shi ya taɓa.

Wuri ɗaya kawai karatuna ya yi rana. Ana juye wani buhun farare sai kunnena ya ji wata ƙara a daƙile a cikin masu siririyar murya. Na ce a tsaya. Na sa cokali na tona, sai ga ɓallin faranti, fari tas, ga wani, ga wani. Asabe ta fara gyara ɗankwali.

"Yo ba ka ce nauyi ake aunawa ba? Fasassun farantan aurena ne, na ce in taimaka maka. Ai farare ne."

Muka baje buhu uku a kan tabarma, ina bi da cokali ina saurare, su kuma suna tsincewa. Ranar dai ba wanda ya ce mini malam mai ilimi da sigar tsiya.

Alhamis Alhaji ya zo, ya soka hannu cikin buhuna da safarsa, ya tona, ya auna, aka loda. Tsibin da ya tsayar da direbobi bai cika rabin motar ba. Muka share filin da tsintsiya da rariya. Juma'a da rana ruwa ya sauka kamar an ɓalle sama, Asabar shanu suka shiga. Fartanya kuwa Yaya ya mai da ita ɗaki. Tun daga lokacin duk bayan 'yan watanni Alhaji yana biyowa, abin da ya riƙe ni a sana'ar ke nan.

Gyaɗa ta yi kyau a filin nan. Da kaka Asabe ta soya ta fal, ta kai bakin titi a ƙulle a leda. Matafiya suka ce su ta kwalba suke so, ta fi daɗewa ba ta yi sanyi ba. Sai ga ta a rumfata.

"Mijina, kwalba talatin nake so. Na baki, masu tsabta, irin waɗanda kake shinshinawa."

Na dube ta. Na dubi rumfar, ba komai sai buhunan garin gilashi. Na ce, "Suna kudu, Asabe. Ki jira su dawo." Da na gaya wa Yaya Lawal sai cewa ya yi, "Kai ma da ka rage ko kaɗan." Na ce, "Yaya, rabinsu kai ka daka." Sati biyu na yi a kan keke ina bin gidaje kafin in haɗa mata talatin ɗin, kuma ba ta karɓi ko ɗaya ba sai da ta ga na kai ta hanci.

To ga inda nake yau. Rumfata gida biyu ce: dama ana lallaɓa kwalba da ƙaiƙayi, hagu ana dakan ta da taɓarya. Masu gyaɗa da wasu masu zuma sun dawo, Alhaji ma yana nan. Kowace ta shigo sai na tsaya na yanke mata hukunci, kuma rabin lokaci in na fasa sai mai nema ya zo, in na ajiye sai ta shekara tana kallona. Sabuwar kwalbar lemo ma in na shanye sai na shinshina ƙasanta, ko zan ji kananzir ɗin Kurfi. Ban taɓa ji ba, amma ban yarda ba.

Gobe in kun zo shan inuwa za ku tarar da kwalba ɗaya a kan benci, koriya, ba tsaga, ba murfi. Wanda ya ce akuya za ta iya, ya gaya mini: a wanke ta ko a fasa ta? Ku yi shawara da kyau, don ni kwana tara ke nan tana hannuna.